Muhawara: Wane irin littafin hikaya ne ya fi zauna maka a rai, kuma me ya sa?

Ɗan Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana damuna ina so mu tattauna ta tsakani da Allah, kowa ya faɗi irin littafin da yake karantawa da dalilinshi, na soyayya ne ko na yaƙi ko na aljanu ko na 'yan sanda da ɓarayi ko na tarihi. Ni bari in fara. Har gobe ban karanta littafin da ya girgiza ni kamar Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ba. Mutum ya zauna tun 1982 ya rubuta yadda makamai ke zubowa hannun mutanen banza bayan yaƙin basasa, da ƙwaya, da yadda Mailoma ya tara tsoffin sojoji da 'yan ta'adda ya zama gwamnatin kanshi, kai in ka karanta yau sai tsigar jikinka ta tashi don sai ka ga kamar dajin Rugu yake ba ka labari. A gasar rubutun da ta fito da wannan littafi dai aka samu Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina akan fasa-ƙwauri, da Zaɓi Naka na Munir Muhammad Katsina. Duk 'yan gida ne fa, 'yan Katsina. To tambayata, yau da abin ya zo mana har ƙofar ɗaki, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Faskari, Jibiya, me ya sa in ka buɗe waya abin da zaka ishe shi ne ɗan mai kuɗi ya dawo daga Dubai ya mari 'yar aiki daga baya ya aure ta?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Yaya ka fara da kyau amma ka ƙare da raina mu wlh. Kullum in maza zasu yi maganar littafi sai an taɓo na soyayya kamar su ne matsalar ƙasar nan. Ka karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat? Miji ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, ta koma saida abinci tana riƙe su, wannan ba rayuwa ba ce? A layinmu kaɗai zan nuna maka irin Rabi, ba sai an je daji ba. Abin da ke faruwa a cikin gida shi ma tashin hankali ne, sai dai ba a jin ƙarar bindiga.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Hajiya ai ban da irin su Balaraba nake nufi, ita ai uwa ce. Na yanzu nake magana, na waya.

Maman Biyu:
Na wayar ma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Akwai tarkace na yarda, amma akwai yaran da ke rubutu akan fyaɗe da ciwon sikila da auren dole da yadda ake wulaƙanta bazawara, kuma suna yi da kyau, ku ne dai ba ku buɗewa tunda kun ga sunan mace a sama.

Baba Malam:
Salamu alaikum. Na ga 'ya'yana sun fara da zafi, bari in sa baki. Shekaruna na aikin koyarwa duk a kan Hausa na yi su, kuma abin da nake so ku sani shi ne wannan gardama ta girme ku duka. Tun gasar farko ta 1933 da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya ƙarƙashin Rupert East, littattafan da suka fito ba iri ɗaya ba ne. Ruwan Bagaja na raha ne da yawon duniya, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta yi ma juna mugunta. Ganɗoki na yaƙi ne, ya fara da zuwan Turawa Kwantagora ya ƙare a ƙasashen aljanu. Shaihu Umar na bauta ne da rabuwar ɗa da uwa. Jiki Magayi kuwa in ka duba gindinshi soyayya ce, mai kuɗi ya ƙwace ma talaka budurwa, ramuwa ta biyo baya. Kun ga ke nan tun ranar farko akwai na dariya akwai na takobi akwai na hawaye akwai na so. Kuma biyu daga cikin marubutan nan a garin nan na Katsina suka zauna, Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, wanshi Malam Bello Kagara mai Ganɗoki shi ne ya zama Walin Katsina.
Ni a raina Shaihu Umar ne gaba. Ba don Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta ba. Wurin nan da uwar ta bi sahara tana neman ɗanta, aka bautar da ita, ta ƙare a rame, sai da ta gan shi da idonta sannan rai ya yi halinshi, duk ajin da na karanta ma wurin nan sai an yi tsit, har yaran bayan aji masu surutu. Littafin ɗan siriri ne, a zama ɗaya ka gama shi. Yanzu ina jin ana cewa labari ya kai shafi ɗari biyar, a raina nakan ce me ake faɗa a ciki haka.

Maman Biyu:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ka raba gardama.

Sarkin Yaƙin Layout:
Baba ranka ya daɗe, tunda ka ambaci Ganɗoki to ka ba mu lasisi. Ni gsky littafin yaƙi ne nawa, na Abdul'aziz Sani Madakin Gini na tashi da su, tun muna sakandare ake yaga littafi gida-gida kowa ya riƙe nashi ɓangaren ana musanya a bayan aji. Mutane na cewa ƙarya ce zalla, sadauki ɗaya ya kashe dubu, to ai kowa ya san ƙarya ce ba wanda ya ce tarihi yake karantawa, abin da ke riƙe ni shi ne yadda ake gina birni da sarauta da dokokin tsafi tun daga tushe har ka ji kamar ka taɓa zuwa wurin. Ba don su ba ni da ban iya karatun Hausa da sauri ba, wannan gaskiya ce, malamin Hausa bai koya mani rabin abin da suka koya mani ba. Abin da kawai ke ɓata mani rai shi ne ja, littafi na ɗaya na biyu har na goma sha, yaƙin da za a gama a shafi biyu sai a kai shi ashirin don a saida na gaba.

Baba Malam:
Ɗana ka nemi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, shi ma ɗan ƙasar Katsina ne. Asalin labarin na wani gwarzon Rasha ne amma ya mai da shi Bahaushe sarai. A nan zaka ga yadda ake yaƙi ba tare da ja ba.

Ɗan Jibiya:
Ni maganar mai tambaya nake so in koma ma, don an wuce ta da sauri. Yaya kana zaune cikin birni kana cewa a rubuta labarin 'yan bindiga. Mu da muke kwana da takalmi a ƙafa ba shi muke nema ba wlh. Matata in dare ya yi ta sa abin ji a kunne tana sauraren littafin soyayya da ake karantawa a YouTube, na taɓa yi mata faɗa akan data sai ta ce mani shi ne kaɗai ke sa ta manta har barci ya ɗauke ta, tun ranar ban ƙara magana ba. Wanda ya biya kuɗin fansa ya saida gona ya saida shanu kana ganin in ya samu natsuwa littafin fansa zai buɗe? Ɗan mai kuɗin nan na Dubai da kake rainawa, gidanshi akwai wuta akwai ruwa ba mai buga ƙofa da tsakar dare, shi ya sa ake son shiga gidan ko da a waya ne.
Na biyu kuma akwai tsoro. Bature Gagare ya ƙirƙiri Mailoma ne, ba wanda zai biyo shi gida. Yau in ka rubuta yadda ake kai ma daji mai da burodi da katin waya, da yadda masu ba da rahoto suke cikin gari, wani zai ce da shi kake, kuma ya san gidanku.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Allah ya kawo mana ƙarshen abin nan ɗan uwa, Allah ya tsare ku. Maganarka ta shige ni. Amma duk da haka ina nan akan bakana ta wani ɓangaren. Yaran Ƙanƙara sama da 300 aka kwashe daga makaranta a Disambar 2020, duniya duka ta ji, yau yaron da aka haifa a shekarar in ya girma a ina zai ji yadda iyayen nan suka kwana a bakin makaranta? Jarida ta ba da adadi ta wuce. Littafi ne ke riƙe yadda abu ya yi ciwo. Da Tafawa Ɓalewa ya ce bauta ta yi zafi da yawa ba zai taɓa ta ba, da Baba bai samu abin karanta ma ɗalibai ba.

Ɗan Jibiya:
Shi ai bayan abin ya wuce ya rubuta. Mu muna ciki.

Anti Nas:
Ku biyun duk kuna da gaskiya a ganina, lokaci ne bai yi ba ko kuma ana rubutawa a ɓoye. Ni dai bari in amsa tambayar asali. Littafin da ya canza mani rayuwa Wa Zai Auri Jahila? ne na Hajiya Balaraba Ramat. Ina aji uku na ƙaramar sakandare aka fara maganar a cire ni, yayata ta kawo mani shi a ɓoye cikin hijabi, na ga yadda aka cire yarinya mai suna Abu daga makaranta aka ɗaura mata tsoho, ta gudu, ta koma karatu da girmanta har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ban ce littafi ne ya hana a cire ni ba, kawuna ne ya tsaya Allah ya jiƙanshi, amma littafin ne ya sa na san abin da zan roƙa. Sai na Anti Bilki Funtuwa, Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni, ita kuma ta koya ma 'yan matan zamaninmu cewa mace zata iya yin digiri ta yi aiki kuma ta riƙe gidanta da tsafta da iya magana. Ana sukarta da cewa kowa a littafinta mai kuɗi ne, haka ne, amma mu a lokacin ba kuɗin muke kallo ba, yarinyar da ke zuwa jami'a muke kallo.
Yanzu kuma in ina aikin dare na aljanu nake karantawa, ku yi mani dariya in kun so, su ne ke hana ni gyangyaɗi.

Ustazun Unguwa:
Anti da girmanki. Ni waɗannan na aljanu da matsafa su ne ban yarda da su ba sam. Ana cusa ma yara tsoron abin da ba shi da ikon komai sai da izinin Allah, yarinya ta karanta ta kasa fita tsakar gida da dare, kowane ciwon kai a ce shafar aljanu ne. Wasu ma har kalmomin tsafi suke jerowa.

Anti Nas:
Malam ai tatsuniyar Dodo da kakanninmu suka yi mana ma ta hana mu fita tsakar gida, ba a ce ta ɓata mana aƙida ba. Na yarda da kai akan masu jera surkulle, wannan ba shi da amfani. Amma marubuci irin Nazir Adam Salih in ya ɗauko abin tsoro da hankali yake tafiyar da shi, ba hauka ba. Maganar a ce kowane ciwo aljanu ne kuwa, wannan a asibiti nake ganinta kullum kuma mafi yawan masu kawo ta ba su taɓa buɗe littafi ba.

Ustazun Unguwa:
To Allah ya sa mu dace. Amma batsa fa? Wannan ba wanda zai kare ta.

Maman Biyu:
Wannan kam ba mai karewa. Da can littafi sai ya bi ta hannun mai bugawa da 'yan kasuwa, ko ba komai akwai kunyar a ga sunanka a bango. Yanzu yarinya ta sa sunan ƙarya ta buɗe guruf ta ce a turo kuɗi a shiga, abin da ke ciki ko matar aure sai ta rufe ido. Ni wayar ɗiyata ina dubawa kuma na gaya mata dalili. Amma don Allah kar a haɗa su da masu rubutun arziki, su ma abin na damunsu.

Ɗalibar Hausa:
Salam iyayena da yayyena. Ina karatun Hausa ne a jami'a kuma abin da kuke yi yanzu shi muke karantawa a aji. Wajen 1990 zuwa sama Farfesa Ibrahim Malumfashi, shi ma ɗan jihar nan, ya kira littattafan nan Adabin Kasuwar Kano yana ganin ba zasu yi ƙarko ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tsaya ya kare su, aka yi ta musayar rubutu a jaridu shekara da shekaru. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano. Amma ga shi yau In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino ana nazarinshi a jami'o'i, Alhaki Kuykuyo Ne kuma an fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012. Shi ya sa nake taka-tsantsan da cewa na waya duk shara ne, wata ƙila a cikinsu akwai wanda jikokinmu zasu yi digiri a kai.
Nawa zaɓin dai 'Yartsana ne na Ibrahim Sheme. Ya ɗauki rayuwar karuwa ya bi ta daki-daki, bai wanke ta ba kuma bai mai da ita shaiɗaniya ba, ya nuna hannun kowa a ciki har da masu zaginta da rana. Ban taɓa karanta littafin Hausa da ya sa na ji kunyar saurin yanke ma mutum hukunci kamar shi ba. Matsalar da nake gani a na yanzu ba jigo ba ce, rashin edita ne. Marubuciya na taifin shafin yau ta saki yau, masu karatu na ihu a ƙara, in sun ce a kashe kishiya sai ta kashe, labari ya tashi daga hannunta ya koma hannun masu sharhi.

Direban Hanyar Kano:
Ni ban iya dogon rubutu ba. A mota nake saurare. Wanda duk aka sa boka da kishiya a farko na san ƙarshe sai in canza. Na bincike nake so irin wanda ba ka san wa ya yi kisan ba sai ƙarshe, amma sun yi kaɗan a Hausa, kuma ɗan sandan ciki sai ka ji kamar na Amurka ne ba irin wanda nake gani a shingen hanya ba.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Direba ka taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Yawancin masu rubuta na bincike littattafan Turanci na James Hadley Chase suka sha suka ƙoshi, shi ya sa. Turmin Danya ya fi su don Alhaji Gabatari irin alhazan da muka sani ne, kuma kwastan ɗin ciki irin namu ne. Ka duba rufe boda da aka yi daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, abin da ya faru tsakanin Jibiya da Maraɗi da ta Kwangwalam a wannan lokaci, shinkafa a kan babur cikin dare ta hanyar daji, yara sun bar makaranta sun koma ɗauko buhu, ai littafi goma ne a nan kwance.

'Yar Daura:
Tun ɗazu ina karantawa ina jira in ga wanda zai ambaci na tarihi, ba kowa. Mu a Daura muna zaune kan labarin da duk ƙasar Hausa ke jingina da shi amma in baƙo ya zo sai dai a kai shi rijiyar Kusugu a ba shi labarin Bayajidda da maciji cikin minti biyar a ɗebo mashi ruwa ya sha shi ke nan. Ni ba Bayajidda ne ke burge ni ba, Daurama ce da sarauniyoyin da aka ce sun yi mulki kafin ita. Ya aka yi mata suka riƙe gari, wa ke shiga fada, ya ta ji ranar da baƙo ya zo komai ya canza, ya zamanta da Bagwariya bayan kowacce ta haihu? Wannan in aka samu mai alƙalami ai ya ƙunshi sarauta da kishi da siyasa duka, masu son soyayya su samu masu son yaƙi su samu. Ku ma na Katsina ga Korau da Sanau, ga zamanin da Gobarau ke cike da ɗalibai, ga Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, amma marubutanmu sun gwammace su ƙirƙiro wata masarauta a ƙasar Larabawa da sunaye masu wuyar faɗa.

Sarkin Yaƙin Layout:
Anti dalili shi ne in ka ƙirƙiri birninka ba mai kama ka. Ka sa Korau ya faɗi abin da bai faɗa ba gobe a ce ka taɓa masarauta.

Baba Malam:
Ɗiyata ta Daura maganarki ta yi mani daɗi ƙwarai. Abin da yaron nan ya faɗa gaskiya ne amma ba hujja ba ce. Bello Kagara ya sa Sarkin Sudan na Kwantagora a cikin Ganɗoki, mutumin da a lokacin akwai waɗanda suka gan shi da ido, kuma ba a kama shi ba don ya san inda zai taka. Dabarar ita ce kar ka sa sarki ya zama tauraro, ka ɗauko wani bawan Allah a gefe, mai ɗebo ruwa ko maƙeri ko baiwar fada, ka bar manya suna wucewa ta gabanshi. Amma sai an yi karatu an zauna da tsofaffi, ba a rubuta irin wannan da babban yatsa a kan gado. Kuma kar ku ɗauka na kimiyya ma ba mu da shi, Umaru Dembo ya kai yaro Kilba sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, shekarar da aka sauka a wata. Hanyar ce aka bari ciyawa ta rufe.

'Yar Daura:
Baba in na fara zaka duba mani? Da gaske nake. Akwai wata tsohuwa a danginmu da ta san waƙoƙin fada na da, ina tsoron ta tafi da su.

Baba Malam:
Ki fara da ita tun kafin ki rubuta kalma ɗaya. Ki ɗauki muryarta a waya, ki bar ta ta yi ta zuba kar ki katse ta. Sauran mu yi magana.

Mai Shagon Haya:
Na zo a makare. Ni na yi sana'ar ba da hayar littafi shekaru, daga Kano nake saro su, kuma abin da zan faɗa maku shi ne mata ne suka riƙe karatun Hausa, ko mai tambaya ya so ko bai so ba. A cikin masu zuwa shagona in ka cire 'yan makaranta masu neman na yaƙi sauran duk yara ne da aka aiko daga cikin gida da sunan littafi a rubuce a 'yar takarda. Su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa suna nan a kanta ƙura na hawa, sai ɗalibi in jarabawa ta matso. Ba don ba su da kyau ba, masu yabonsu ne ba sa saye, aro suke. Waya ta zo ta kashe sana'ar, na koma saida caja da gilashin waya. Abin da ya fi ƙona mani rai yanzu shi ne yadda ake ɗaukar hoton littafin mutum shafi-shafi a watsa kyauta, ko a karanta shi a YouTube a ci kuɗin talla marubucin ko sisi, wasunsu suna nan da rai suna fama da kuɗin magani. Duk mai son a rubuta mashi littafin Rugu ko na Daurama ya fara tambayar kanshi yaushe rabon da ya sa hannu a aljihu ya sayi na Hausa sabo. Ɗan Ƙofar Sauri akwai ragowar tsofaffin bugu a kwali a gida, in kana so ka zo ka zaɓa, amma saye zaka yi ba aro ba.